Yini guda da yara a Birnin Kudu da Gwaram: duwatsun tarihi, bakin kogi da haƙƙin da ke wuyan hukuma

A kowace Sallah, da kuma lokacin hutun makaranta, iyalai da yawa a kudancin Jihar Jigawa kan fuskanci tambaya guda: ina za a kai yara su yini? Yankin ba shi da teku, amma yana da abubuwa biyu da ke jan hankalin yaro fiye da kowane wurin wasa da aka gina da siminti. Akwai duwatsun Birnin Kudu masu ɗauke da zanen mutanen da, akwai kuma shimfiɗar yashin kogi a ƙasar Gwaram, wadda kan bayyana idan damina ta ɗauke. Shiga waɗannan wurare ba ya buƙatar dukiya. Abin da ya yi ƙaranci shi ne tsarin da zai sa yaro ya je ya dawo lafiya, don haka kusan dukkan nauyin yana komawa kan iyaye da malamai.

Inda wuraren suke

Birnin Kudu da Gwaram biyu ne daga cikin ƙananan hukumomi 27 na Jihar Jigawa, wadda aka cire daga tsohuwar Jihar Kano ranar 27 ga Agusta, 1991. Dukkansu suna ƙarƙashin Masarautar Dutse, kuma suna iyaka da Jihar Bauchi. A ƙidayar 2006 Birnin Kudu na da mutum fiye da 300,000, Gwaram kuma fiye da 270,000, wato suna cikin mafi yawan jama'a a jihar.

Garin Birnin Kudu yana kimanin kilomita 120 daga birnin Kano, a mahaɗar hanyoyin da suka fito daga Kano, Gwaram da Ningi. Wanda ya taso daga Kano bayan sallar asuba zai iso da hantsi. Daga Dutse kuwa tafiyar ba ta kai haka ba. A garin akwai Cibiyar Lafiya ta Tarayya, da tsohuwar Kwalejin Gwamnati wadda attajiri Aliko Dangote yana cikin waɗanda suka yi karatu a cikinta. Daga nan hanya ta miƙa gabas zuwa Gwaram, ƙasar da ta ƙunshi garuruwa irin su Sara, Kila, Fagam, Farin Dutse da Basirka.

Duwatsun zane

Abin da ya fitar da sunan Birnin Kudu a tsakanin masana tarihi shi ne zanen da ke jikin duwatsunta, musamman Dutsen Habude, Dutsen Mesa da Dutsen Murufu. A ƙarƙashin inuwar manyan duwatsu da suka jingina da juna, mutanen da suka zana siffofin shanu da launin ja da fari da baƙi. Wasu daga cikin shanun dogayen ƙaho gare su kuma ba su da tozo, irin da ba a kiwonsa a ƙasar Hausa a yau. Masana sun lura cewa zanen ya yi kama da wanda aka samu a tsakiyar Hamadar Sahara, wasunsu kuma sun kiyasta shekarunsa sun haura 2,000.

Masanin kayan tarihi ɗan Ingila, Bernard Fagg, wanda ya kafa gidan tarihi na Jos a 1952 kuma ya yi suna a binciken kayan Nok, shi ne ya yi nazarin wuraren a tsakiyar shekarun 1950. A nan ya lura da wasu faifayen dutse da ke ba da amo kamar ƙararrawa idan an buga su da ƙaramin dutse, kowanne da muryarsa, jikinsu duk ramuka saboda daɗewar bugu. A 1956 ya wallafa bayani a kansu, abin da ya sa aka shiga neman irinsu a wasu sassan Afirka. Mutanen garin sun san da su tun kafin zuwansa. Shi dai ya kai labarin ga duniyar masana.

A yau duwatsun suna cikin jerin wuraren tarihi na ƙasa, ƙarƙashin kulawar Hukumar Gidajen Tarihi da Wuraren Tarihi ta Ƙasa, NCMM, wadda aka kafa da dokar soja mai lamba 77 ta 1979. Hukumar tana da ofishi a garin, kuma nan ya kamata mai ziyara ya fara yada zango domin a haɗa shi da ɗan rakiya. Makarantar da za ta kawo ɗalibai gara ta aika da takarda tun kafin ranar.

Ga yaro, wurin aji ne wanda ba shi da allo. Zai ga saniyar da ba ta da tozo ya tambayi dalili, zai ji dutse yana kiɗa ya nemi sanin yadda aka yi. Sai dai akwai ƙa'idoji uku da babba zai tsaya a kansu: ba a taɓa zanen da hannu, ba a watsa masa ruwa domin ya fito a hoto, ba a kuma rubuta suna da gawayi ko alli a jikin dutsen. Maiƙon tafin hannu da danshi suna cin launin sannu a hankali, kuma abin da ya goge ba mai iya mayar da shi. Hawan dutsen yana buƙatar takalmi mai kama ƙasa, da taka-tsantsan da ramuka inda maciji ko kunama kan fake.

Bakin kogi

Babban ruwan yankin shi ne Kogin Bunga, wanda ya samo asali daga tsaunukan Filato, ya ratsa ƙasar Ningi da Gwaram, ya zama Kogin Jama'are a Jihar Bauchi, kafin ya haɗu da Kogin Haɗeja su zama Kogin Yobe mai zuba a Tafkin Chadi. Ƙananan koguna da rafuka da dama a ƙasar Birnin Kudu suna zuba a cikinsa.

Kogi ne mai fuska biyu. Da damina, musamman a watan Agusta da farkon Satumba, yakan cika ya batse, ya yi ja, ya ɗauko itatuwa da shara da ƙarfin da babban mutum ma ba ya iya tsayawa a gabansa. Da rani kuwa sai ya janye ya bar faffaɗan yashi, ruwa na bin gefe guda a siririn layi. Wannan yashin shi ne abin da ya fi kusa da bakin teku a kudancin Jigawa: yara na ginin ɗaki da rairayi, ana buga ƙwallo, masu lambu na ban ruwa a fadama, makiyaya na shayar da dabbobi.

Bambancinsa da bakin tekun da aka tanada domin baƙi yana da muhimmanci. A tsibiran Karebiyan, manyan jiragen ruwa na yawon shaƙatawa kan tsaya na yini guda a tashoshi irin su Nasau ta ƙasar Bahamas, iyalai su sauka su kai yara bakin teku na 'yan sa'o'i su koma kafin jirgi ya tashi. Abin da ke riƙe da wannan kasuwa a wuraren da aka tsara shi da kyau ba kyan ruwa ba ne kawai. Akwai masu ceto da ke zaune a kan hasumiya, akwai tutoci masu launi da ke nuna ko ruwa ya yi haɗari, akwai makewayi da inuwa da ruwan sha. A Barbados doka ta mai da kowane bakin teku mallakar jama'a, ba na otal ba. Uba a Gwaram yana da yashin da ruwan, amma shi ne mai ceto, shi ne mai tuta, shi ne kuma ma'aikacin lafiya.

Lokacin da ya dace

Watannin Nuwamba zuwa Fabrairu su ne suka fi dacewa. Ruwa ya ja, hanyoyi sun bushe, rana ba ta yi tsanani ba, sai dai ƙurar hunturu kan tayar wa masu asma ciwonsu. Daga Maris zuwa Mayu zafin bazara kan haura digiri 40, dutse ya yi zafin da ba a iya taka shi da rana tsaka, kuma a lokacin ne yara suka fi ruguwa zuwa ruwa ba da sanin iyaye ba. Daga Yuni zuwa farkon Oktoba ba lokacin kai yara bakin kogi ba ne kwata-kwata. Ko sama ta yi tas a Gwaram, ruwan da aka yi a tudu can wajen Ningi na iya isowa cikin 'yan sa'o'i. Hanyar kanta tana da haɗari a wannan lokaci: a watan Agustan 2021 wata motar haya ta auka cikin gadar da ruwa ya karya a hanyar Gwaram zuwa Basirka, mutum 21 suka rasa rayukansu.

Da yake ranakun Sallah suna matsowa baya da kimanin kwana 11 a kowace shekara, yawon Sallah kan faɗo wani zubin a rani, wani zubin a damina. Tsarin da ya yi daidai a wata shekara ba lalle ya yi daidai bayan shekara biyar ba.

Yadda ake tsara yinin

Tsari mafi sauƙi shi ne a fara da duwatsu tun da safe, kafin rana ta ɗaga, a sauko kafin azahar. A ci abinci a huta a cikin gari, sannan a nufi bakin ruwa bayan la'asar ta gabato, a bar wurin tun da sauran haske. Wanda ya zo daga nesa ya tsayar da lokacin tashi tun kafin a fara wasa, domin tuƙin dare a hanyar da ba a sani ba shi ne ƙarshen da ba a so. Idan haɗa garuruwan biyu zai yi wa ƙananan yara yawa, gara a zaɓi ɗaya.

Guzurin ba mai tsada ba ne: ruwan sha mai tsabta da ya wadata, abinci daga gida, tabarma, hula ko laima, kayan sauyawa, sabulu, ƙullin gishiri da sukari na maganin gudawa, da dogon igiya ko gora. A ƙirga yara kafin a tashi, a sake ƙirgawa a kowane zango. A raba su ga manya, kowane babba ya san sunayen waɗanda ke hannunsa, kuma kada a ɗora wa yarinya 'yar shekara goma renon ƙanenta a bakin ruwa. Kafin a shimfiɗa tabarma a gaishe da mutanen wurin, a tambayi masunta ko Sarkin Ruwa inda gurbi yake da inda aka ɗebi yashi. Ɗan gari ya san ramin da baƙo ba zai gani ba.

Haɗarin nutsewa

Rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a ƙarshen 2024 ya kiyasta cewa kimanin mutum 300,000 ne suka mutu ta hanyar nutsewa a 2021, kusan kashi ɗaya cikin huɗu yara ne 'yan ƙasa da shekara biyar, kuma nahiyar Afirka ce ke da mafi girman kaso idan aka auna da yawan jama'a. A 2021 Babban Zauren Majalisar Ɗinkin Duniya ya ware 25 ga Yuli a matsayin ranar yaƙi da nutsewa.

Abubuwa kaɗan ne ya kamata kowane babba ya riƙe. Yaro ba ya ihu idan ruwa na cinsa. Yakan nutse shiru cikin ɗan ƙanƙanin lokaci, kuma ruwan da bai kai gwiwar babba ba ya isa ya kashe mai rarrafe. Saboda haka ƙaramin yaro ba ya wuce tsawon hannu daga mai kula da shi, mai kulawar kuma ba ya duba waya. Wuraren da suka fi cin yara ba manyan koguna ba ne kaɗai. Akwai kududdufai, da ramukan da masu aikin hanya ko masu bulo suka haƙa suka bari, da gurbin da masu ɗiban yashi suka yi a tsakiyar kogi, inda ƙafa kan zurma daga idon sawu zuwa abin da ya shanye mutum a taki ɗaya.

Idan abin ya auku, wanda bai ƙware a iyo ba kada ya faɗa ruwa. Hausawa sun ce wanda ruwa ya ci ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi, kuma haka yake kama mai cetonsa su nutse tare. A miƙa gora, a jefa igiya ko jarkar da ba kowa a ciki mai murfi, a kira jama'a. Idan an fito da yaro ba ya numfashi, a kwantar da shi rigingine, a ɗaga haɓarsa, a hura masa iska ta baki, sannan a riƙa danna tsakiyar ƙirji sau 30 ana hura iska sau biyu, har numfashi ya dawo ko a isa ga ma'aikacin lafiya. Rataye shi ƙafa sama ko matse masa ciki domin ya amayar da ruwa ɓata lokaci ne kuma yana iya cutarwa. Ko ya farfaɗo, a kai shi asibiti a duba huhunsa.

Kwale-kwale ma yana da nasa darasin. Ranar 30 ga Nuwamba, 2021, wani jirgin ruwa da aka yi wa lodi fiye da kima ya kife a madatsar ruwan Watari da ke Bagwai a Jihar Kano. Aƙalla mutum 29 suka rasu, akasarinsu ɗaliban Islamiyya da ke kan hanyar zuwa Maulidi. Yini ne na farin ciki da aka shirya wa yara. Jirgin da ba shi da rigar kariya, ko ya cika, ko zai tashi bayan magariba, ba na sa yaro ba ne.

Tsargiya

Haɗari na biyu ba ya nuna kansa a ranar. Tsargiya, wato fitsarin jini, tsutsa ce ke kawo ta, wadda ke rayuwa a jikin ƙananan dodon koɗi na ruwa mai kwanciya. Tsutsar kan huda fatar wanda ya shiga ruwan, ta girma a jijiyoyin jini na kusa da mafitsara, bayan makonni jini ya fara fita a ƙarshen fitsari. Najeriya na cikin ƙasashen da suka fi fama da ita a duniya, kuma yara 'yan makaranta ta fi kamawa. Tsohuwar fahimtar da ke ɗaukar jinin a matsayin alamar balaga ga ɗa namiji kuskure ce: cutar na jawo ƙarancin jini da koma-baya a karatu, idan ta daɗe kuma takan lalata mafitsara da ƙoda. Tana da magani, ƙwayar firazikwantel, wadda ake rabawa kyauta a makarantu a yankunan da cutar ta yi yawa. Mafi aminci shi ne yara su yi wasa a kan busasshen yashi, su guji ruwan da ya kwanta mai ciyayi. Wanda aka ga jini a fitsarinsa a kai shi gwaji.

Wa ke da alhakin me?

Tsarin Mulkin 1999 bai bar wannan batu a duhu ba. Jadawali na Huɗu ya lissafa ayyukan ƙaramar hukuma, kuma a ciki akwai ginawa da kula da wuraren shaƙatawa, lambuna da filayen jama'a, samar da makewayin jama'a, da bayar da lasisin kwale-kwale. Ma'ana, allon gargaɗi a mashigin kogi, rumfar inuwa, bayan gida a kusa da duwatsu da rajistar masu fito duk suna cikin abin da ɗan ƙasa zai iya nema a sakatariyar Birnin Kudu ko ta Gwaram. Hukuncin Kotun Ƙoli na ranar 11 ga Yuli, 2024, wanda ya ce a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye daga asusun tarayya, ya ƙara wa wannan tambaya ƙarfi.

Kiyaye zanen duwatsun aikin Gwamnatin Tarayya ne ta hannun NCMM. Ƙa'idojin sufurin ruwa, ciki har da tilasta sa rigar kariya, suna hannun Hukumar Kula da Hanyoyin Ruwa na Cikin Gida, NIWA, wadda aka kafa a 1997. Gwamnatin jiha ita ke da hanyoyin da ke kaiwa ga wuraren, da makarantun da za su iya koyar da dabarun ceto, da hukumomin kashe gobara da agajin gaggawa da ake kira bayan abu ya faru. Ita ce kuma ke da ikon tilasta wa 'yan kwangila cike ramukan da suka haƙa kafin a biya su kuɗin ƙarshe.

Irin wannan rabon aiki yakan ba kowace hukuma damar nuna ɗaya da yatsa. Amma yana kuma ba mai bibiya hanyar tambaya daki-daki: nawa aka ware wa wuraren shaƙatawa a kasafin ƙaramar hukuma na bana? Kwale-kwale nawa ke da lasisi? Nawa NCMM ta kashe a Birnin Kudu? Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta ba ɗan ƙasa damar neman irin waɗannan alƙaluma a rubuce, ta kuma ba hukuma kwana bakwai ta amsa.

Arewa ta taɓa gwada haɗa ruwa da shaƙatawa. Gwamnatin Audu Bako ta gina madatsun Bagauda da Tiga a farkon shekarun 1970, tare da masaukan baƙi a gefensu, lokacin da Birnin Kudu da Gwaram ke cikin Jihar Kano. Abin da kudancin Jigawa ke buƙata bai kai wannan tsada ba. A Bangladesh, inda nutsewa ke cikin manyan abubuwan da ke kashe ƙananan yara, an rage mace-mace ta hanyar tara yara a hannun matan unguwa a sa'o'in da iyaye mata ke cikin aiki, da koya wa 'yan makaranta iyo a tafkunan ƙauye da aka killace da gora. Matasan da ke da ƙungiyoyi a Birnin Kudu da Gwaram za su iya farawa da abin da ke hannunsu: zagayawa da masunta a lissafa mashigai da ramuka masu haɗari a kowace mazaɓa, a miƙa jerin ga kansila da hakimi kafin bazara ta kama, a kuma ajiye kwafi domin ranar da 'yan takara za su zo neman ƙuri'a.